Yadda Ake Neman Tallafin Kuɗi don Aikin Adabi, Fasaha da Ilimi: Jagora ga Hausawan Sudan

Hausawan Sudan suna da wata dama da 'yan'uwansu na Kano da Damagaram ba su da ita. Sudan tana cikin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, kuma ƙasa ce ta Afirka. Saboda haka marubuci daga Mai Wurno, ko malamar makaranta daga Gadarif, ko ƙungiyar matasa a Kasala, suna da damar neman tallafin da aka ware wa ƙasashen Larabawa, su kuma nemi wanda aka ware wa Afirka.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen rubuta takardar neman tallafin. Mutum yakan cika shafi uku da bayanin halin da ake ciki: yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ɗaiɗaita mu, makarantu sun zama matsugunin 'yan gudun hijira, yara sun daɗe ba karatu. Duk gaskiya ne, kuma masu tallafin sun sani. Abin da ba su sani ba, wanda kai kaɗai za ka faɗa musu, shi ne wane aiki takamaimai za ka yi, yaushe zai fara, yaushe zai ƙare, nawa zai ci, kuma me za a gani a hannu idan an gama. A kan wannan ake ba da kuɗi.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka buɗe kowane fom

- Fasfo mai sauran wa'adi, ko katin lambar ɗan ƙasa. Ɗauki hotonsa tas, duk kusurwoyi huɗu a fili. Rubutun sunanka da harafin boko a fom ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi.
- Imel ɗaya na aiki, mai ɗauke da sunanka ko na ƙungiya. Kada ka yi amfani da na mai shagon intanet, domin ta nan amsa za ta zo, wani lokaci bayan wata huɗu.
- Taƙaitaccen tarihinka, shafi ɗaya zuwa biyu: abin da ka rubuta, ka koyar, ka rera ko ka shirya, da shekarunsu.
- Samfurin aikin da ka riga ka yi.
- Ga ƙungiya: takardar rajista, kundin tsarin mulki, sunayen shugabanni, da bayanin kuɗin da suka shiga suka fita bara, ko da karo-karon 'yan ƙungiya ne kawai.
- Farashin kaya a rubuce daga maɗaba'a, mai sayar da kayan lantarki da direba.
- Kwamfuta idan da hali. Idan babu, waya ta isa, amma a rubuta komai a fayil daban tukuna.

Duk waɗannan a ajiye su wuri uku: cikin waya, cikin filashi, da kan intanet. Wanda ya ga yadda layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasar nan a Fabrairun 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

1. Tsayar da aikin a jimla biyu

Kafin neman mai tallafi, rubuta aikin cikin jimla biyu, ka karanta wa wanda bai san komai a kai ba. Idan ya tambaye ka "to me za ku yi ke nan?", da sauran gyara.

"Muna son raya al'adun Hausa a Sudan" buri ne mai kyau, amma ba a sa masa farashi. Ga yadda aiki yake: "Cikin wata takwas za mu ɗauki muryar dattawa 20 a Mai Wurno da ƙauyukan kewaye, suna ba da tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da na biki. Za mu zaɓi tatsuniya 12 mu buga littafin yara da Hausar ajami da fassarar Larabci, kwafi 500, mu raba wa makarantu da makarantun allo 15." Da wannan misalin za mu bi sauran matakan.

Shawarata ga mai farawa: ɗauki ƙaramin aiki. Wanda bai taɓa riƙe dala 3,000 ta mutane ya ba da lissafinta ba, da wuya a damƙa masa 50,000.

2. Nemo mai tallafin da ya dace da aikin

Kowane asusu yana da abin da ya sa a gaba. Aika takarda ɗaya ga kowa da kowa ɓata lokaci ne.

Ga marubuci, mawaƙi, mai zane ko mai fim, wurare biyu ne a kan gaba, dukansu suna aiki daga Bairut. Na farko AFAC, asusun Larabawa na fasaha da al'adu da aka kafa a 2007. Yana tallafa wa rubutu, kiɗa da waƙa, wasan kwaikwayo, zane, fim da ɗaukar hoto, yana karɓar mutum ɗaya da kuma ƙungiya, kuma kowane fanni da lokacin buɗe shi. Na biyu Al-Mawrid al-Thaqafi. Tallafinsa na samar da sabon aiki na matasa ne 'yan ƙasa da shekara 35, don haka idan ka wuce nan kada ka wahalar da kanka. Yana da shirin Wijhat na kuɗin tafiya, da Abbara na ƙarfafa ƙungiyoyin al'adu, da wani shiri na agaza wa masu fasahar da rayuwarsu ta shiga haɗari. Da Larabci ake cike fom ɗinsa, abin da ya zo wa wanda ya yi makaranta a Sudan da sauƙi.

A ɓangaren Afirka akwai Asusun Al'adu na Afirka da ke Bamako, wanda ya fara aiki a 2018. Daga ƙasar Holan, asusun Prince Claus ya saba ba masu tasowa 100 yuro 5,000 kowannensu a shekara, waɗanda ba su wuce shekara biyar da fara sana'ar ba. Gidauniyar Miles Morland ta Ingila tana ba marubucin da aka haifa a Afirka fam 18,000 na Ingila ya zauna shekara guda ya rubuta littafi, yana miƙa kalma 10,000 duk wata. Sai dai littafin da Turanci ne, kuma dole ka nuna abin da aka taɓa buga maka. Mai rubutu da Hausa ko Larabci ya tsallake wannan.

Sai ɓangaren da nake ganin mun fi kowa abin nunawa, wato tsofaffin takardu. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yo gabas ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, ga kuma alhazan da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna, gidaje da yawa suna riƙe da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami a cikin gafaka da akwatuna. Gara da ruwan sama da gudun hijira suna cin su. Laburaren Birtaniya yana da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, wanda yake biyan kuɗin ɗaukar hotonsu: ƙaramin tallafin gwaji har fam 15,000 na Ingila, babba har 60,000. Sharuɗɗansa a fili suke. Takardun asali suna nan a ƙasarsu, ba a saye, ba a fitarwa. Hotunan za a sa su a intanet kowa ya gani kyauta. Kuma sai da wata cibiya, kamar jami'a ko gidan adana tarihi, da za ta riƙe kuɗin, da wadda za ta ajiye kwafi a cikin gida. Wannan sharaɗi na sakawa a intanet a bayyana wa masu takardun tun ranar farko, domin akwai littattafan asiri da na nasaba da iyali ba za su yarda a baza ba, kuma suna da gaskiyarsu. Asusun kare al'adu na British Council, wanda ya fara a 2016, ya tallafa wa ayyuka a Sudan, haka ma gidauniyar ALIPH ta ƙasar Suwizalan da ke kula da kayan tarihi a wuraren yaƙi.

Ilimi kuwa hanyarsa daban ce. Manyan kuɗin suna bi ta UNICEF da asusun jin ƙai na Sudan da Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, su kuma suna aiki da ƙungiyoyin da suka tantance. Ƙaramar ƙungiya ta fi samun shiga a matsayin abokiyar aikin wata babba da ke jiharta. Yi rajista a shafin abokan hulɗa na Majalisar, ka riƙa halartar taron masu aikin ilimi na jiha, a san fuskarka kafin a buɗe neman abokan aiki.

Gasa daban take da tallafi. Gasar Ɗayyib Salih da kamfanin Zain ya ɗauki nauyi, ko ta Katara a Ƙatar, suna ba da lada ne ga rubutun da aka gama. Ka shiga, amma kada ka gina kasafin aiki a kansu.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: babu mai tallafi na gaskiya da ke karɓar kuɗin fom, ko kuɗin "sakin" tallafi. Duk saƙon WhatsApp ko Facebook da ya ce an zaɓe ka alhali ba ka nema ba, ko ya tambayi lambar sirrin Bankak ɗinka, wato manhajar banki ta waya, na ɓarayi ne. Shiga shafin cibiyar da kanka ka duba.

3. Karanta sharuɗɗa da biro a hannu

Karanta takardar sharuɗɗa sau biyu, ka fitar da amsar waɗannan: wa ya cancanta, ta ƙasa da shekaru, mutum ɗaya ko ƙungiya, mafi yawan kuɗin da ake bayarwa, abin da ba a biya, harshen fom, harshen da aikin kansa zai fito, ranar rufewa da agogon wace ƙasa.

Maganar harshen aiki ita ta fi shafar mu. Wasu shirye-shiryen rubutu Larabci kawai suke karɓa. Idan littafinka na Hausa ne kuma takardar ba ta fayyace ba, aika musu gajeriyar tambaya tun da sauran makonni. Idan amsar a'a ce, akwai mafita biyu: ka mai da shi mai harshe biyu, Hausa da Larabci fuska da fuska, ko ka kai shi fannin da harshe ba ya tare hanya, kamar waƙa, fim ko adana al'adu.

Duba jerin waɗanda aka ba a shekaru biyu da suka wuce. Daga nan za ka gane girman aikin da suke so fiye da yadda takardar sharuɗɗa za ta nuna maka. Adadin kuɗi da ranaku suna canjawa, don haka sanarwar bana ce abin dogaro. Ka ba kanka mako shida.

4. Warware rajista da hanyar da kuɗi zai biyo

Mutane sukan bar wannan sai an ce sun ci, daga nan a yi wata uku ana neman yadda kuɗi zai shigo. Yi shi yanzu.

Ƙungiyar sa kai tana rajista ne da Hukumar Agajin Jin Ƙai a ƙarƙashin dokar 2006, ana kuma sabunta takardar. Dokar ta tanadi cewa tallafin da ya fito daga waje ya bi ta takardar aiki da hukumar ta amince da ita. Ƙungiyar da aikinta al'adu ne zalla tana iya bi ta mai rajistar ƙungiyoyin al'adu a ma'aikatar al'adu. Takardar da wa'adinta ya ƙare daidai take da babu a idon mai tallafi. Idan taku ta ƙare saboda yaƙi, ku fara sabuntawa, ku haɗa shaidar cewa kun shigar da buƙata.

Idan ba ku da rajista sam, hanya biyu ce. Ɗaya daga cikinku ya nema da sunansa a shirin da ke karɓar mutum ɗaya, sauran su shiga a matsayin abokan aiki. Ko ku sami ƙungiya mai rajista ta riƙe muku kuɗin. A wannan hanya ta biyu a rubuta yarjejeniya: nawa za ta cire na ɗawainiya, kwana nawa za ta ɗauka kafin ta saki kuɗi idan kun nema, wa ke sa hannu, wa ke rubuta rahoto, kuma kayan da aka saya na wa ne bayan an gama. Zumunci ba ya hana rubutu. Ko Alƙur'ani ya yi umarni a rubuta bashi, a sa shaidu.

Bankak na hada-hadar cikin gida ne da fam ɗin Sudan. Mai tallafi zai turo dala ko yuro ta banki, kuma duk da an ɗage takunkumin Amurka a 2017, bankunan waje da yawa suna jan ƙafa idan suka ga sunan Sudan. Je reshen bankinka ka tambaya: shin asusuna yana karɓar kuɗin waje, ta wane banki zai biyo, da wane kuɗi za ku ba ni, a kan wane farashi? Idan hanyar ba ta ɓulle ba, gaya wa mai tallafin gaskiya. Waɗanda suka saba aiki da Sudan sun san matsalar, kuma sukan yarda da asusun abokin aiki a Alƙahira, Kampala ko Nairobi idan an sanar da su a rubuce. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano daga baya cewa asusun wani ne aka ba su ba tare da an faɗa ba.

5. Rubuta bayanin aikin

Fom ya bambanta, amma tambayoyin kusan ɗaya ne. Alƙalan da ke zaɓe suna karanta ɗaruruwan takardu, don haka sakin layi na farko ya ɗauki jimlolin nan biyu na mataki na ɗaya. Dogon yabo da addu'ar buɗewa irin na wasiƙa a bar su.

Dalilin aikin. Nan za ka kawo halin da ake ciki, amma na wurinka, gwargwadon abin da ka ƙirga da kanka. "Dattawan da suka iya waɗannan waƙoƙi a unguwarmu ba su wuce 20 ba, ƙaraminsu ya haura shekara 65, kuma ba a taɓa ɗaukar muryarsu ba." Wannan ya fi shafi guda na kididdigar da aka kwaso daga intanet. Kada ka ɗauka alƙalin ya san akwai Hausawa a Sudan. Jimla biyu ko uku sun isa su gabatar da mu: daga ina, tun yaushe, a waɗanne garuruwa.

Yadda za a yi. Jera ayyukan wata-wata. Wata na 1, neman izinin dattawa da horar da masu ɗauka biyu. Wata na 2 zuwa na 4, ɗaukar murya. Na 4 zuwa na 6, rubutawa, fassara da zane. Na 7, bugu. Na 8, rabawa da rahoto. Lura da abin da sababbi ke mantawa: rubuta awa ɗaya ta magana yakan ci awa biyar zuwa takwas, don haka awa 30 ta murya aikin makonni ne. Ka kuma duba kalandarka da damina, lokacin da hanyoyin ƙauye ke yankewa, da kaka, lokacin da kowa ke gona, da watan azumi.

Su wa za su yi. Suna, aikin kowa, da hujjar cewa ya iya. Idan waƙoƙin mata za a ɗauka, dole a sami mace cikin masu ɗauka, domin tsohuwa ba za ta saki jiki ta rera waƙar daka a gaban saurayi baƙo ba.

Wa zai amfana. Faɗi adadin da za ka iya tabbatarwa. Makaranta 15 da ka san sunayensu sun fi "dubban yara". Nuna yadda maƙwabtan da ba Hausawa ba za su ci moriya, misali ta fassarar Larabci. Yawancin masu tallafin al'adu ba sa ba da kuɗi ga aikin jam'iyyar siyasa ko na wa'azi. Idan makarantar allo ce, bayyana ɓangaren da kake nema wa: koyon karatu da lissafi, littattafai, ko adana rubutun hannu.

Abin da ka iya tasowa. Kada ka ɓoye. Rubuta cewa idan tsaro ya taɓarɓare a wuri kaza, za a koma wuri kaza. Idan maɗaba'ar gari ba ta aiki, za a buga a Bur Sudan ko Alƙahira. Idan wuta ta ɗauke, akwai faifan sola. Mai karatu yana samun natsuwa da wanda ya riga ya yi tunanin matsala.

Rubuta da harshen da ka fi ƙarfi a ciki, sannan a fassara. Idan na'ura ta fassara maka, a sami mutum ya bi layi-layi, domin takan lalata sunayen garuruwa da na waƙoƙi. Kada ka kwafi takardar wani. Kuma ka kiyaye iyakar kalmomi: idan an ce 300, fom ɗin yakan yanke abin da ya haura.

6. Kasafin kuɗi

Alƙali mai gogewa yakan fara da wannan shafin, domin a nan ake gane wanda ya san aikinsa. Ƙa'idar ita ce kowane layi ya nuna adadi, sau farashin ɗaya, daidai da jimla. Ga siffar, da dala. Alƙaluman na nuni ne kawai, naka za su fito daga kasuwa:

- Masu ɗaukar murya: 2 × wata 4 × 100 = 800
- Goron dattawa: 20 × 25 = 500
- Rikoda: 2 × 120 = 240
- Ma'ajiyar bayanai: 2 × 70 = 140
- Rubutawa da fassara: awa 30 × 20 = 600
- Mai zane: hoto 24 × 25 = 600
- Gyaran rubutu da tsara shafuka: 400
- Bugu: kwafi 500 × 3 = 1,500
- Sufuri: 300
- Intanet da caji: wata 8 × 30 = 240
- Mai kula da aiki: wata 8 × 75 = 600
- Cajin banki: 180
- Ko-ta-kwana: 300

Jimla: 6,400.

Yi kasafin da kuɗin mai tallafi, ka rubuta farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranarsa. Darajar fam tana zubewa, kuma tsakanin ranar nema da ranar da kuɗi zai iso ana iya yin wata shida. Wanda ya rubuta da fam zai tarar kuɗin bugu ya koma rabi.

Sa ladanka. Mutanenmu suna jin kunyar wannan, su ce don Allah suke yi. Niyya tana nan, amma wanda ba a biya ba dole ya bar aikin ya tafi neman abincin gida, aikin ya tsaya a tsakiya. Masu tallafi sun san haka, kuma kasafin da babu ladan kowa yana sa su shakka.

Kada ka kumbura farashi, domin suna da wasu takardu daga Sudan a gabansu suna kwatantawa. Kada kuma ka rage don a tausaya maka. Duk abin da ke cikin bayani ya fito a kasafi, duk abin da ke kasafi ya fito a bayani: idan ka ambaci taron ƙaddamarwa, ina kuɗin kujeru da shayi? Idan wani ya ba ku ɗaki kyauta ko aron kwamfuta, rubuta shi a matsayin gudummawarku, da kimarsa. Game da bugu, tambayi maɗaba'a tun da wuri, domin shafuka suna tafiya ne takwas-takwas ko sha shida-sha shida, kuma littafi mai shafi 34 yakan ja kuɗin mai 40 ko 48. Layin ko-ta-kwana kuwa, wasu suna yarda da shi, wasu ba sa yarda. Duba sharuɗɗa.

7. Samfuri da wasiƙun shaida

Zaɓi mafi kyawun aikinka, wanda ya yi kama da abin da kake neman yi. Marubuci ya ba da adadin shafukan da aka nema, an gyara su tsaf. Mai waƙa ko fim ya sa mafi ƙarfin wurin a minti na farko. Idan samfurin na Hausa ne, haɗa fassara ko rubutun ƙasan allo. Idan ba ka da komai, yi ɗan gwaji da wayarka: tatsuniya ɗaya, murya mai fita sarai a ɗaki marar hayaniya, an rubuta, an fassara, da zane ɗaya.

Wasiƙar shaida ta fito daga wanda ya ga aikinka da idonsa, kamar shugaban makaranta, malamin jami'a ko mai unguwa. Ta faɗi abin da ka yi da lokacin da ka yi shi. Nemi wasiƙar da sauran mako uku.

8. Aikawa

Buɗe asusu a shafinsu tun makon farko ka ga duk tambayoyin. Rubuta amsoshi a waje, ka riƙa kwafa kana liƙawa kana adanawa. Mai da takardu PDF, ka rage nauyinsu, ka sa musu suna mai ma'ana. Bidiyo a ɗora shi a YouTube ko Vimeo a ba da mahaɗi, sannan a gwada buɗe shi daga wayar wani. Aika da sauran kwana uku. A ranar ƙarshe shafin yakan cunkushe, kuma ɗaukewar intanet ba uzuri ba ne da na'ura ke saurara. Idan layinka ba shi da tabbas, ba wani amintacce a wani gari kwafin komai ya zauna cikin shiri. Bayan ka aika, ajiye saƙon tabbatarwa.

9. Bayan amsa ta zo

Idan ba a ba ka ba, wannan shi ne abin da ya fi faruwa, domin masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Aika godiya, ka tambaya ko suna ba da dalili. Gyara takardar ka kai wani wuri, ko ka dawo zagaye na gaba idan sharuɗɗa sun yarda.

Idan an ba ka, karanta yarjejeniya kafin sa hannu. Galibi kuɗin kashi-kashi yake zuwa, na ƙarshe sai an karɓi rahoto, don haka tsara yadda za ka biya maɗaba'a kafin ya iso. Duba wa ke da haƙƙin mallakar littafin ko muryoyin, da yadda suke so a sa tambarinsu.

Daga ranar farko buɗe littafin lissafi: rana, abin da aka saya, nawa da fam, nawa da dala, lambar rasit. Kada kuɗin aiki ya haɗu da na cefane, ko da aro ne na kwana biyu. Canja kuɗi kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙatar wata, ka ajiye shaidar kowane canji. Inda babu rasit, kamar mai raksha ko tsohuwar da aka ba goro, yi takardar karɓa da kanka: suna, adadi, dalili, rana, sa hannu ko dangwalen yatsa. Ɗauki hoton kowace takarda a ranar, domin tawadar rasit ɗin na'ura tana gogewa cikin zafi.

Kowane dattijo a nemi izininsa kafin a kunna rikoda, a faɗa masa inda muryar za ta je. Wanda ba ya karatu, a ɗauki izinin da bakinsa a farkon faifan. Hoton yara sai da yardar iyaye. Muryoyi a adana su a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, kwafi biyu a gidaje biyu daban, kuma iyalan da suka ba da su su sami nasu kwafin.

Idan abu ya canja, ko farashi ya tashi, ko dole a bar gari, rubuta wa jami'in da ke kula da tallafinka kafin ka taɓa kasafin. Faɗi abin da ya faru, abin da kake son sauyawa, da sabon lissafi, sannan ka jira amincewarsa a rubuce ka ajiye ta tare da rasit. Rahoton ƙarshe ya bi tsarin takardar neman: ga abin da muka ce za mu yi, ga abin da aka yi, ga inda aka gaza da dalili. Idan an yi alkawarin dattawa 20 aka samu 16, rubuta 16. Haɗa hotuna, kwafin littafin, jerin makarantun da suka karɓa da sa hannun shugabanninsu, ka aika kafin ranar da yarjejeniya ta sa. Rasit na asali kuma a ci gaba da ajiye su tsawon shekarun da aka rubuta a cikin yarjejeniyar, domin mai binciken kuɗi yana iya neman su bayan an rufe aikin.